Harafi Biyu a Goshin Nashshafa

"Ya lalata ta. Wallahi da gangan ya lalata ta, don dai ba shi ya saya ba."

Hajja Sittana ce ke faɗa, tana tsaye a bakin ɗakin baya na shagon wankinsu da ke Umdurman. Hannu ɗaya ya riƙe gefen tobinta, doguwar lulluɓin matan ƙasar, ɗayan yana nuna injin.

Hadil ba ta kalli mahaifiyarta ba. Idonta na kan nashshafar, injin busar da kayan da Wa'il ya aiko daga Riyad, fara sol, ta kusa kai firjin gidansu girma. A ɗan gilashin da ke goshinta harafi biyu ne ke ƙyaftawa da jar wuta: PF.

Tun ranar da aka haɗa ta haka take. A loda mata kaya ta fara juyi lafiya lau, kowa ya koma bakin aikinsa, sai a dawo a tarar ta yi tsit, kayan sharkaf, harafin nan biyu na ƙyafta wa mutum ido.

"Yumma, wa ya ce miki lalacewa ta yi?"

"Wa'il ya ce wayar da aka ja mata ce ba daidai ba. To wa ya ja wayar? Ni ce?"

Mazin ne ya ja. Shi ne mai gyaran wutar shagon tun Hadil na jami'a, kuma a nan, tsakanin dutsen guga da igiyar shanya, ta fara jin abin da ba ta taɓa ji a kan wani namiji ba. Wa'il kuwa ɗan ƙawar Yumma ne, ma'aikaci a Saudiyya. Hadil ta faɗa masa a fili cewa zuciyarta na wani wuri. Bai yi musu da ita ba, sai kawai ya fara aiko wa iyayenta kaya.

Takun mahaifinta ta ji a bayanta. Hajj Uthman, wanda duk unguwa ke kira Ɗantsoho, mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa idan ya yi magana ba a sake ta.

"Na ce wa yaron nan manyansa su zo daga Jabal Awliya ranar Juma'a mu zauna. Ki gaya masa na janye."

"Yaba..."

"Kamun kifin ubansa bai taɓa damuna ba, kin sani. Uwarki ya dama. Amma na kira shi aiki, na ba shi amanar shagona. Idan kishi zai sa ya lalata kayan wani a ɓoye, ba zan ba shi 'yata ba."

Hadil ta juyo ta fuskance shi.

"Idan kuma ba shi ba ne?"

"Jiya unguwar nan ba a ɗauke wuta ba ko sau ɗaya, amma injin ya mutu. Gobe bayan la'asar Wa'il zai zo ya gani da idonsa, tunda yana gari hutu. Idan kina da magana, a nan za ki yi ta."

"Ina da ita," in ji Hadil, duk da a lokacin ba ta da komai sai bugun zuciya.

* * *

Washegari da hantsi ta ƙetara gada zuwa Khartum. A unguwar Alshajara ta sami Mazin, a gindin darbejiyar da ke gaban wurin aikinsu, zaune a kujerar mai shayi, kofinsa ya huce bai taɓa ba.

Ganinsa kawai ya isa ya karya mata duk jarumtar da ta ɗauko daga gida. Ya rame. Idanunsa sun yi ja.

"Mahaifinki ya kira ni da kansa," ya ce tun kafin ta zauna. "Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni, Hadil. Cewa ya yi bai zaci haka daga gare ni ba."

Hawayen da take riƙewa tun jiya suka zubo.

"Me ya sa ba ka kare kanka ba?"

"In ce me? Na san wanda ya aiko injin, na san dalilin aiko shi. Na durƙusa na haɗa masa waya da hannuna, zuciyata kamar ta fashe, don kada Hajj ya ce na ƙi aikinsa. Wallahi wayar da na sa ta fi ta ɗakin uwata kyau."

"Na sani."

"Ba ki sani ba, yarda kika yi. Su kuma ba su yarda ba." Ya juyar da kai gefe. "Wataƙila Hajja ce ke da gaskiya. Shi zai ajiye ki a Riyad cikin sanyi. Ni me zan ba ki? Ɗaki ɗaya a Jabal da ƙarnin kifi."

Hadil ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Ya zol, bawan Allah, kalle ni. Ban shiga motar haya cikin zafin nan don ka zaɓa mini miji ba. Masu zaɓa mini sun yi yawa a gida. Idan ka gaji da ni ka faɗa, in tashi."

"Ki daina. Kin san numfashina ma da sunanki yake fita."

"To halas, shi ke nan. Bar kukan mu yi aiki. Mene ne PF?"

Ya daɗe yana kallonta, sai murmushi ya ƙwace masa cikin hawayen.

"Ba cewa take ta lalace ba. Cewa take an yanke mata wuta tana tsakar aiki. Idan wutar ta dawo sai ta tsaya da harafin nan, tana jiran a danna mata maɓallin farawa a riƙe, ta ci gaba."

"Yaba ya ce ba a ɗauke wuta ba."

"To a wani wuri wutar ke yankewa tsakanin akwatin bango da cikinta. Ki fara da akwatin, ki ga ko makunninta ya faɗi. Ki duba soket, ko ya yi baƙi, ko yana ƙauri, ko filogin na rawa a ciki. Ki bi wayar da ido, ko ɓera ya taɓa. Sai ki zare ta ki bar ta ta ɗan huta, ki mayar, ki kunna ta babu kaya a ciki. Ki zauna a gabanta, kada ki ɗauke ido."

"Idan ta sake mutuwa ina kallo?"

"To ƙwaƙwalwar da ke cikinta ce, ko kuma aikina ne. Idan aikina ne, ki faɗa wa Hajj gaskiya. Kada ki rufa mini."

Ta miƙe ta gyara jakarta.

"Sha shayinka. Kuma kada ka ce wa kawunanka komai tukuna."

* * *

Ɗakin nashshafar na da ƙofa biyu, ɗaya ta shago, ɗaya ta tsakar gida. A bakin ta tsakar gidan Iya Hafiza, kakar Hadil ta wajen uba, ke yini a kan gadonta na igiya, da carbi da gwangwanin goro.

"'Yar nema, yau kuma ke ce makanikiyar?" in ji Iya, ganin ta shigo da tocila.

"Ni ce, Iya. Yi barcinki."

Ta buɗe akwatin bango, makunnin na tsaye daram. Ta durƙusa ta shinshina soket, babu ƙauri, babu baƙi. Ta girgiza filogin, ya kama tsam. Ta bi wayar da tocila har bayan injin, ko ƙwarzane babu. Ta zare, ta jira, ta mayar, ta danna maɓallin ta riƙe.

Nashshafar ta ɗauki juyi babu komai a cikinta.

Hadil ta jawo bokiti ta kife ta zauna. Zufa na bin bayanta. Ta yi salati, ta yi addu'a, ta yi kuka kaɗan, ta share. Injin na ta juyi kamar bai taɓa sanin wata matsala ba.

Can aka yi sallama a shago. Ta fita ta miƙa wa wani dattijo jallabiyoyinsa, ta dawo.

Tsit. PF.

Ta tsaya cak. Fankar sama na juyawa. Filogin na cikin soket. Iya na kwance ta juya bayanta ga ɗakin.

Wani zargi ya ɗarsu a ranta. Ta sake kunnawa, ta ɗaga murya ta ce, "Iya, na tafi kanti in dawo." Ta buga ƙofar shago, sannan ta lallaɓo ta shige bayan zannuwan gadon da aka rataye, ta riƙe numfashi.

Gadon igiya ya yi ƙara. Sanda ta fara ƙwanƙwasa siminti a hankali. Iya ta shigo tana dafa bango, ta sunkuya da ƙyar, ta ce bismillah, ta zare filogin. Injin ya mutu. Ta ɗan jira, ta mayar da shi yadda yake, har da shafa shi da tafin hannu.

"Iya."

Tsohuwar ba ta ko razana ba. Ta juyo tana taunar goronta.

"Ashe kantin ya matso kusa."

"Iya, ke ce? Duk kwanakin nan ke ce?"

"Ni ce. Kuma gobe ma ni ce." Ta zauna a kan bokitin tana haki. "Ke jami'a kika yi amma ba ki san komai ba. A wajenmu, tun iyayenmu da suka taho aikin hajji a ƙafa suka zauna a ƙasar nan, kayan mai neman aure ba a morarsa sai an yi niyyar ba shi. Ranar da ɗankwali ɗaya ya bushe a cikin abin nan, an ci kayansa, an karɓe shi ke nan. Da kunnena na ji uwarki a waya tana cewa a bari masu kawo wanki su saba, kunya ba za ta bar Ɗantsoho ya ce a'a ba. Na ce to, ina raye?"

Hadil ta zube a gabanta ta riƙe gwiwoyinta.

"Iya, Mazin suka ɗora wa. Sun ce shi ya lalata don kishi. Yaba ya hana manyansa zuwa."

Bakin Iya ya tsaya da tauna. Saboda hawan jininta ba a gaya mata abin tashin hankali a gidan, don haka babu wanda ya kai mata wannan labarin.

"Ɗan mutanen? Wanda ya gyara mini fanka ya ƙi karɓar ko goro?" Idonta ya kawo ruwa. "Na tare ƙofa ɗaya, ashe na rufe da shi a waje. Tashi ki kira mini ubanki."

"A'a, Iya. Bari Wa'il ya zo. A gaban kowa aka ɓata masa suna."

"To sai ki yi yaya? Ki nuna musu injin lafiyarsa ƙalau, uwarki ta loda kaya. Kin wanke ɗaya, kin auri ɗaya."

Hadil ta kalli nashshafar. Ta daɗe tana kallo.

"Ba za ta loda ba," ta ce.

* * *

Bayan la'asar Wa'il ya iso cikin farar jallabiya da ƙamshin turare mai tsada. Ba mummuna ba ne, kuma ya iya gaisuwa. Ya sumbaci kan Iya, ya kira Hajja Sittana da Khalti, wato innata, ya yi wa Hadil murmushin wanda ya riga ya san ƙarshen zance.

"Ma'alesh, ba komai, Ammi," ya ce wa Hajj Uthman, yana kiransa baffa da Larabci. "Zan kawo ƙwararre ya sake wayar gaba ɗaya. Ni ban riƙe yaron a zuciya ba. Kowa da inda tarbiyyarsa ta tsaya."

"Ba sai ka kawo kowa ba," in ji Hadil.

Ta wuce ta gabansu ta buɗe ƙofar injin, ta nuna musu babu komai a ciki, ta rufe. Ta danna maɓallin ta riƙe. Harafin biyu suka ɓace, injin ya ɗauka.

"Yaba, don Allah ka zauna. Kada kowa ya fita daga ɗakin nan."

Suka zauna. Injin na juyi. Wa'il ya duba agogonsa, ya duba wayarsa. Hajja Sittana ta gyara tobi, ta sake gyarawa. Suna nan zaune har nashshafar ta kai ƙarshe da kanta, ta yi ɗan kukanta ta tsaya. Gilashin goshinta fes.

"Wannan harafin ba lalacewa yake nufi ba," Hadil ta ce. "Yana nufin an yanke mata wuta tana aiki. Akwatin lafiya, soket lafiya, wayar Mazin lafiya. Hannu ne ke zare filogin ya mayar."

"Hannun wa?" in ji mahaifinta.

"Ba na Mazin ba. Rabonsa da shagon nan tun ranar da ya haɗa ta."

"Na tambaye ki hannun wa."

Hadil ta kawar da kai. Ba za ta ambaci kakarta a gaban baƙo ba ko da za a yanka ta.

"Nawa ne," in ji Iya daga bakin ƙofa. "Ga shi nan, in za ka tsinke shi. Ɗantsoho, ni na haife ka ko kai ka haife ni? Yaushe ka ba da yarinyar nan da har za a ci kayan mutum a gidanka? Ko ka manta yadda ake yi ne don ka iya Larabci?"

Hajj Uthman ya sunkuyar da kai. Kunnuwansa kansu sun nuna kunya.

Hajja Sittana ce ta fara farfaɗowa. Ta yi wata 'yar dariya, ta sunkuya ta ɗauki kwandon jiƙaƙƙun tawul ɗin da ke gefe.

"To alhamdulillahi, tunda lafiyarta lau. An yi kuskure, ya wuce. Matsa in zuba, masu kaya na jira."

Hadil ta jingina bayanta da ƙofar injin.

"Ba za a zuba ba, Yumma."

"Matsa, na ce."

"Ki dake ni, ba zan ɗaga hannu ba. Amma ko zare ɗaya ba zai bushe a cikin nan ba." Hawaye na gudu a fuskarta, ba ta share ba. Ta kai hannu ta zare filogin da kanta, ta naɗe wayar, ta ɗora a saman injin. Sannan ta juya ga Wa'il. "Ka ga kayanka lafiya suke, yadda ka aiko. Ba mu ci ba, ba mu mora ba. Na gode, ka ɗauka."

Murmushin ya bar fuskarsa.

"Kyauta ce na yi wa Ammi, ba ke ba. Ina ruwan inji da aure?"

"Idan babu ruwansa, ka faɗa a gaban Yaba cewa ka bar maganata. Sai mu karɓa mu yi maka addu'a."

Wa'il ya kalli Hajja Sittana. Ya kalli ƙasa. Bai faɗa ba.

"Kina sane da abin da kike jefarwa?" ya ce a hankali. "Saboda mai ɗaure waya?"

"Ina sane. Kai ka ce tarbiyyarsa ta gaza ba tare da ka duba komai ba. Shi ya ce in aikinsa ne ya ɓaci in faɗa wa Yaba, kada in rufa masa."

Hajj Uthman ya ɗago kai.

"Shi ya ce haka?"

"Shi ya ce, Yaba."

Dattijon ya shafa gemunsa. Ya miƙe ya dafa kafaɗar Wa'il.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Laifina ne da na karɓa ban yi tunani ba. Gobe zan nemo mota a kai maka har gida, ni da kaina zan rako ta in ba mahaifiyarka haƙuri."

Wa'il ya fita ba tare da ya yi wa kowa sallama ba. Ƙarar motarsa ta cika layin.

Hajja Sittana ta saki kwandon, tawul ɗin suka zube a siminti.

"Kun kunyata ni. Ke da kakarki kun haɗu kun kunyata ni a gaban ɗan ƙawata. Na so in fitar da ke daga warin sabulu da zafin guga, Hadil. Abin da na so ke nan. Kalli hannuwana."

Ta miƙo su, duk sun tsattsage. Zuciyar Hadil ta karye, ta matso za ta riƙe su, mahaifiyar ta janye.

"Na gani, Yumma. Wallahi na gani. Amma ba zan iya ba."

Hajj Uthman ya yi gyaran murya. Bai kalli matarsa ba, bai kalli 'yarsa ba, bango yake kallo.

"Na zalunci yaron nan da bakina. Kira shi ki ba ni. Sannan ya gaya wa kawunansa ƙofata a buɗe take."

Hadil ta ciro wayarta, ta lalubo sunan Mazin. Hajja Sittana ta tsaya a ƙofar tsakar gida, ta juyo da jajayen idanu.

"Ranar da suka shigo gidan nan, ni ba zan fito daga ɗakina ba. Ki ji da kyau."

"Na ji, Yumma. Zan kawo miki shayinki ɗaki, in dawo in zuba musu nasu."

Ta danna kiran, ta miƙa wa mahaifinta wayar.